Ni da Daron Kwanukan Baba

Kujerar gaba ta motar aikin Baba ta mutum uku ce, amma tun da na yi wayo mutum biyu na san suna zama a kanta, na ukunsu daro. Kawu direba a bayan sitiyari, Baba a bakin ƙofa, a tsakiya kuma babban daron Mama, an cika shi da kayan girki an ɗaure bakinsa da tsohon zane. Idan motar ta tashi daga ƙofar gidanmu a unguwar Barade cikin Jalingo, nakan tsaya ina jin ƙarar kwanukan har ta sha kwanar masu sayar da itace.

Baba malamin dabbobi ne. Da rani yakan fita rangadin rigakafi, ya bi rugagen da ke bayan Iware yana yi wa shanu allura, ya yi kwanaki bai dawo ba. A motar suke kwana, a gindinta suke girki. Bayanta rumfar tamfol ce, kullum cike maƙil da akwatin ƙanƙara na ajiye allurai, katifa, gidan sauro, jarkokin mai, igiyoyi, da galan-galan na maganin kaska. Saboda maganin nan ne ba a sa duk abin da zai taɓa baki a baya. Guba ne, warinsa kaɗai yana kama kwano ya ƙi fita. Ta haka daro ya samu kujera.

Ni kuwa ban taɓa wuce gadar bakin gari ba. Ina ajin farko na sakandare a lokacin, kuma a gidanmu ni ce wadda ake mantawa da ita idan ana raba rake. Ba mugunta ba ce, ni ce ba na cewa komai. Kallo na iya. Idan Baba ya dawo, ni nake ganin ƙaya a bakin wandonsa, da inda ƙaho ya karce shi a dantse, da warin hayaƙi da nono da ke cikin rigarsa. A gida ba shi da yawan magana. Amma Kawu, wanda Bafulatani ne mai surutu, ba danginmu ba ne, girma ne ya sa muke ce masa haka, ya taɓa rantse mana cewa da zarar sun bar kwalta Baba yake fara waƙa, ba ya dainawa sai an kashe mota. Yayyena suka yi dariya suka manta. Ni abin ya zauna mini a rai. Ina so in ga wannan Baban, da shanun, da wuraren da ƙayar take fitowa.

Bayan Kirsimeti, ana loda motar, na tsaya a jikin ƙofarta na ce, "Baba, zan bi ka." Da ƙofar na yi maganar, ba da shi ba, bai ma ji ba. Kawu ne ya ji.

"Oga! Shiru-shiru ta yi magana! A yanka kaza!"

Baba ya juyo. "Me ta ce?"

"Wai za ta bi mu."

"A ina za ki zauna? A kan daro?"

Na ce, "In babu daron fa?"

"In babu daro mu ci tuwo a hula?" Baba ya hau, ya buga ƙarƙashin kujerar da diddigen takalminsa. "Ranar da kayan nan suka shiga nan ƙarƙashi, ki zo ki zauna."

Suka yi dariya shi da Kawu, motar ta tashi. Ni ban yi dariya ba.

Da suka dawo, Kawu yana wanke motar a bakin rijiya, na lallaɓa na shiga gaba na kwanta a kan tabarmar roba na leƙa. Wurin ba shi da girma. Akwai jak na ɗaga mota da wani tsumma mai baƙin mai, amma waɗannan za su iya komawa baya. Na ɗauko karan dawa na gwada tsayin wurin na karya, na gwada faɗinsa na karya wani. Tsayin bai wuce taƙi ɗaya da ɗan ƙari ba. Na soke karan a jinkar kicin inda ba wanda zai taɓa.

Wanke-wanke aikina ne, don haka ni nake kwance daron. A ranar na fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya na jera a ƙasa. Ƙananan tukwane biyu, butar shayi, langar Baba da murfinta, kwanonin ci, kofuna masu hannu, ludayi, muciya. Da na dube su a jere sai na ga rabin abin da ke zaune a kujerata iska ce. Tukunya tana shiga tukunya in aka daidaita kunnuwansu. Kwanoni suna shiga ƙaramar tukunya. Butar shayi ba dole ba ce, tukunya ma tana tafasa ruwa. Muciya da ludayi za su kwanta a tsawon kujera. Kofunan ne suka gagare ni. Duk yadda na juya su ba sa shiga juna, kowanne ya kafa hannu a ƙugu kamar mata a layin famfo. Har ga Allah na yi tunanin ɓalle hannuwan, sai na tuna mai kofunan.

A makaranta na ga mafita. Muna da wata malama 'yar bautar ƙasa da ta zo daga kudu, tana koya mana labarin ƙasa. A jakarta akwai wani abu fale-fale kamar gwangwanin man takalmi. Idan ƙishi ya kama ta sai ta fito da shi, ta kama bakinsa ta ja sama, ta ɗan murɗa, sai ga kofi. Ta sha ruwa, ta buga shi da tafin hannu, ya koma yadda yake. Ranar farko da na gani ban ji komai a darasin ba. Daga nan na koma bencin gaba, ni da ban taɓa son a gan ni ba. Duk zangon karatun nan ban iya buɗe baki na ce ta ba ni in taɓa ba. Amma wata rana aka kira ta ofis ta bar shi a miƙe a kan tebur, na tashi kamar zan goge allo, na leƙa ciki. Zobba ne. Kowane zobe bakinsa ya fi gindinsa faɗi, idan aka ja sai na ƙasa ya maƙale a cikin na sama.

Na tara gwangwanayen madara da na tumatir na yanka da wuƙar Mama a bayan kicin. Na yanke babban yatsana, na dakushe wuƙar, ruwan kuma ya zube ta ko'ina, domin gwangwani a miƙe yake daga sama har ƙasa, ba abin da zai maƙale. Mama ta yi kwana da kwanaki tana tambaya wa ya lalata mata wuƙa. Na ɓoye yatsana a cikin zane.

Ana nan sai bokitinmu ya huje, aka aike ni unguwar Majidaɗi wurin maƙerin gwangwani. Tsoho ne, iyayensa daga Kano suka zo, yana da rumfa a bakin hanya cike da fitilun aci-balbal da rariya da ludayi. Yana like bokitin ina kallon kayan da ya rataye, sai idona ya faɗa kan mazurarin zuba kananzir. Sama faɗi, ƙasa tsuke. In aka yanke bakin da gindin, zoben malama ne sak.

Ya gama, ya miƙo mini bokitin, ban tafi ba. Ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya. Ya yi fitila guda ya fara ta biyu, ina tsaye.

"'Yar nan, sayayya za ki yi ko gadi aka ɗauke ki?"

Na ce, "Baba, kofi nake so. Mai ninkewa."

"Ɗaga murya, guduma ta cinye mini kunne."

Na maimaita.

"Kofi mai ninkewa? Tabarma ce?"

Da baki ba zan iya ba. Na kwance bakin zanena na fito da yankakkun gwangwanayen nan, don kullum suna tare da ni, na jera su cikin juna, na ja, na nuna masa mazurarin, na sake ja. Ya ajiye gudumar. Ya karɓa yana juyawa, ya dubi yatsana.

"Da me kika yanka?"

"Wuƙa."

"Uwarki ta sani?"

Na girgiza kai.

"To. Ki kawo mini manyan gwangwanayen madarar gari, masu tsabta, ba tsatsa. Rabi na kofinki, rabi nawa ladan aiki."

Neman gwangwanin ya fi mini komai wuya, saboda sai an yi magana. Na je wurin mai shayin bakin layinmu, na je gidan maƙwabta, na tari matan coci bayan sujada. Wasu suka ce me yarinya za ta yi da gwangwani, wata ta ce ta riga ta shuka barkono a nata. Duk wanda na samu sai in wanke in kai Majidaɗi bayan an tashi makaranta. Kofin farko ya yi yoyo. Na biyu ya maƙale, da ƙyar tsohon ya raba shi. Ya ce, "Ke, kin hana ni neman abinci, ga masu fitila suna jira." Amma washegari na tarar ya yanka sababbin zobba tun kafin in zo, ya nannaɗe bakin kowanne don kada ya yanki leɓe. A ƙarshe muka samu guda uku. Muka gwada da ruwan randa, muka gwada da ruwan zafi, ya sha na sha, ko ɗigo. A ninke, duka ukun ba su kai kaurin tafin hannun Baba ba.

Ana gobe tafiyar hutun Ista na shimfiɗa buhu a tsakar gida na haɗa kayan. Langar Baba ita ce mafi faɗi, sai na sa ta a ƙasa, babbar tukunya a cikinta, ƙarama a ciki, kwanoni, kofunana a can tsakiya. Na ɗauko karan dawa na gwada. Ya yi daidai. Ban gama murna ba Mama ta fito daga ɗaki.

"Wayyo Allah! Tukunya mai baƙin gindi a cikin langar ubanki? A gidan wa kika ga an yi haka?"

A gidanmu langar Baba ba kwano ba ce kamar sauran. Ba mai ci a cikinta sai shi, ba a ɗora mata komai, ba ta zama a ƙarƙashin wani kwano. A cikin daron ma a sama take tafiya, a naɗe da ƙyallenta. Na sani sarai, lissafin wuri ne ya rufe mini ido. Mama ta zare ta, ta wanke ta sau biyu duk da ba abin da ya taɓa ta, ta ce, "Uban gida a ƙasa, tukunya a kansa. Wannan karatun naku."

Na gwada ajiye langar a gefe, faɗin ya wuce karan. Na gwada ɗora ta a sama a zaune, tsayin ya wuce. Na ce ko Baba zai ci a kwanon ci na kwanakin nan kawai, Mama ta dube ni irin duban da ba ya buƙatar amsa. Na zaga bayan kicin na yi kuka kaɗan, ba sauti, sannan na fito na kama wanke-wanken yamma, don ba mai yi mini.

Muna da wani gadon kara da muke kife kwanoni su tsane. Na jera tukwane, na jera kwanoni, sai na ɗauki langar na kife ta a kansu can sama, yadda nake yi kowace rana. Hannuna yana kanta na tsaya.

Na sake shimfiɗa buhun. Tukunya cikin tukunya, kwanoni, kofuna, sannan langar a kife a kansu kamar hula. Bakinta ya sauka ya rufe kunnuwan tukunyar. Karan ya wuce har da ɗan sarari. Na je na tsaya a ƙofar kicin har Mama ta gaji ta fito.

"Kin kife ta."

"Mama, kullum a kife take kwana. Kuma ita ce a sama."

Ta zaga kayan. Ta durƙusa ta leƙa ta ga baƙin tukunyar yana ƙasa, ba ya taɓa ta. Ta miƙe tana neman abin cewa.

"Murfin fa?"

"Zan riƙe a cinyata."

"Har Iware?"

"Har inda za a je."

Ta yi tsaki, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙyallen langar ta jefo mini. "Ki naɗe ta dai."

Da safe Kawu ya cire jak, ya tura ƙunshin ƙarƙashin kujera. Ya ɗan goga da ƙarfen sama ya shige. Kawu ya tafa hannu yana ihu har maƙwabta suka leƙo. Baba ya tsaya yana sosa ƙeya, ya dubi Mama.

Mama ta ce, "Kai ka faɗa da bakinka."

"Wasa nake yi."

"Wannan ba ta san wasa ba. Ni na haife ta."

Ya dube ni, da jakata a rataye da murfin langa a ƙirji. Ya ce, "In kika dame ni, ranar da Kawu zai dawo ɗaukar ƙanƙara zan haɗo shi da ke." Na hau na zauna. Soson kujerar ya lotsa daidai da gindin daro, ƙafafuna suna lilo.

Gaskiyar Kawu. Muna sauka daga kwalta bayan Iware Baba ya fara waƙoƙin coci da wata murya mai kauri da ba ta bin hanya, Kawu yana amsa masa da Fulatanci, ba wanda ya damu da na wani. Kwanakin farko sun yi daɗi. Ina kwana a bayan mota cikin gidan sauro, su a tabarma a gindinta. Ni nake kwance kayan in haɗa, in dafa shayi a ƙaramar tukunya. Kawu yakan miƙe kofinsa ya ninke, ya miƙe ya ninke, sai na karɓe kada ya lalata.

Sai muka zo wata ruga a gefen fadama. Tun a hanya Baba ya daina waƙa. Ya ce Ardon wurin, wato shugabansu, bai yarda da allura ba, bara da ya ji motar tana zuwa sai ya sa aka kora shanu cikin duwatsu. Ya ce, "A yi hankali da shi." Ƙanƙara kuma ta fara narkewa, gobe da safe Kawu zai koma Jalingo.

Ban taɓa ganin ƙuda irin na rugar nan ba. Zafi ne, ga nono ga kashin shanu, suna bin ido suna bin baki. Bayan azahar Ardon ya zo da mutanensa. Dogo ne siriri, ya sa farar riga wadda daga ganin karin guga an san don baƙi aka fito da ita. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar mota. Na dafa shayi, Baba ya miƙa masa kofinsa. Ardo ya duba kofin, ya kurɓa, ya ajiye shi a tabarma. Ƙudaje suka yo kan kofin. Sai ya yi abin da kowa yake yi a wurin, ya ɗora tafin hannunsa a bakin kofin, ya jingina a kai zai fara magana.

Ni da tsohon maƙerin a hannu muka riƙe kofin duk gwajin da muka yi. Ba wanda ya ajiye shi ya danna. Ina ganin hannun yana sauka na gane, amma ganewar da faɗuwar tare suka zo. Ƙwas! Kofin ya zauna, shayi mai zafi ya fantsama a hannunsa da gaban farar rigar. Mutanensa suka miƙe, ɗaya har ya ɗaga sanda. Ardo ya yarfe hannu ya faɗi wata magana da Fulatanci wadda Kawu bai fassara ba. Baba yana ta ba da haƙuri. Ardo ya tashi, ya dubi rigarsa, ya ce da Hausa, "Malam, abin shan ruwanku ma ya rushe a hannuna. Na allurar fa?" Ya tafi.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Da Kawu ya yi maganar. "Gobe ka tafi da ita. Ka dawo mini da daro."

Na kwashe kofunan na wanke. Na zauna a bayan taya na miƙe ɗaya na danna, ya zauna. Na murɗa shi da ƙarfi na danna, ya zauna. Ba gyaran da zan yi wa ƙarfen a daji. Amma hannun ba don mugunta ya sauka ba, don ƙuda ne. Daga inda nake ina hango bukkokin mata, da ƙoren nono a jere a inuwa. Ba wadda ta ɗora hannu a kan ƙwarya. Kowacce da faifanta a kai.

Tsakanin motar da bukkokin ba nisa, amma na daɗe ban ga hanya mai tsawo irinta ba. Na wuce maruƙa a ɗaure a igiyarsu, na wuce yara da suka bar wasa suna kallona. Na tambayi wata yarinya matar Ardo, ta nuna mini wata tsohuwa tana tsefe kaba. Na durƙusa na ce, "Sannu, Inna." Hausarta kaɗan ce, Fulatancina bai wuce gaisuwa ba. Na miƙe kofin, na nuna faifan ƙwaryarta, na haɗa yatsuna na nuna ƙarami.

Ashe labari ya riga ni. Tana ganin kofin ta fashe da dariya ta kira sauran matan. Suka kewaye ni, wannan ta danna ya zauna a yi shewa, wannan ta karɓa ta danna. Wata ta kwaikwayi yadda Ardo ya yarfe hannu, tsohuwar ta kai mata duka tana dariya. Na jure har suka gaji. Sannan tsohuwar ta ja ni na zauna kusa da ita, ta ɗauko kaba da basilla, ta fara mini cibiyar faifan, ta sa mini a hannu. Ta ce, "Yi."

Ban taɓa saƙa ba. Basillar ta soke ni ba iyaka, zagayen yana karkacewa, tsohuwar tana warware mini in sake. Rana ta yi sanyi, shanu suka fara dawowa, ni ina kan guda ɗaya. Ita kuwa tana hira da matan, ko kallon hannunta ba ta yi, ta gama nata mai kyau da jan zare a baki ta jefo mini a cinya. Kafin magariba na koma da murfi biyu, ɗaya kamar na sayarwa, ɗaya kamar ɓera ya ci gefensa. Baba ya dubi hannuna, ya koma kan akwatin allurai.

Da sassafe na haɗa jakata, tunda haka aka ce, sannan na hura wuta na dafa shayi ba tare da an sa ni ba. Kawu ya sauke akwatin allurai da kayan girki a gindin bishiya, yana duba man mota. Sai ga Ardo da wata tsohuwar riga, da ƙoƙonsa a hannu. Suka gaisa da Baba sama-sama. Na zuba shayi a kofi, na rufe da murfin tsohuwar, na rufe na Baba da nawa. Na je gabansa na durƙusa. Na riga na maimaita maganar a raina tun ina hura wuta.

"Baba Ardo, a yi haƙuri da abin jiya. Ni na kawo kofin. Ba a danna shi. Ga murfi saboda ƙuda."

Ya ɗauki murfin da yatsu biyu ya juya shi. "Wannan hannun gidana ne." Ya nuna na Baba da haɓa. "Wancan karkataccen kuma naki."

"Nawa ne."

Ya ɗaga kofin a hankali kamar mai ɗaukar kunama, ya juye shayin a ƙoƙonsa. "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi." Ya sha. Ya ce da Baba, "Ita ce ta zauna da mai ɗakina jiya har yamma? An ce ba ta tashi ba ko da jini ya fito." Baba ya ce ita ce. Ardo ya shanye, ya kakkaɓe ƙoƙon. "Garke ɗaya za a kawo maka. Sauran sai na ga yadda waɗannan suka kwana."

Baba ya miƙe da sauri ya hau haɗa allurai. Ba a jima ba muka ji kukan shanu da fito na makiyaya. Kawu ya tayar da mota ya danna hon.

"Shiru-shiru, taho mu tafi, rana tana yi!"

Na ɗauki jakata na je bakin ƙofar motar. Na kama marfin. Ban hau ba, ban kuma saki ba. Kullum Kawu ne yake tsayawa kusa da Baba da gwangwanin shuɗi da sanda mai tsumma a baki, yana shafa wa duk saniyar da aka yi wa allura don kada a maimaita ta. Makiyayan duk suna riƙe da igiya. Aka kama ta farko. Baba ya waiga dama ya waiga hagu.

"Wa zai shafa mini shuɗi?"

Kawu ya ce, "Oga, ni dai hannuna biyu ne, duk suna kan sitiyari."

Baba ya dube ni. Saniyar tana fizge-fizge, masu riƙo suna ihu a yi sauri.

"Za ki iya gane wadda aka yi wa da wadda ba a yi wa ba?"

"Zan iya."

"Ajiye jakar nan." Ya ɗaga murya don Kawu ya ji. "Ka ce wa Mamansu ta ba ka kofi biyu masu hannu, na baƙi. Ban da daro."

Motar ta tafi ba ni a ciki. Na ruga na ɗauki gwangwanin. Saniyar ja ce, ƙahonta na hagu a karye, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Baba ya soka allurar ya zare, na miƙa sandar na shafa mata a haƙarƙari.

Ya ce, "Sama. A gadon baya, inda zan gani."

Na yi ɗage a kan yatsun ƙafa na sake shafawa. Aka sake ta, aka kamo ta biyu.